Wa Ya Ɗauki Hoton Zauren Babana?

Kwana uku ke nan ban zauna ba, daga Beli zuwa Rogo, daga Rogo zuwa Beli, duk a kan hoto guda.

Jikata Hafsatu ce ke rubutun kammala jami'a a kan zanen bangon gidajen ƙasa. Ta saka hoton zauren babana, wanda ruwa ya rushe tuntuni. Malaminta ya ce ko ta rubuta sunan wanda ya ɗauka, ko ta cire shi.

Na ce, "Ke, rubuta zauren gidanmu mana, ya isa."

Ta ce, "Haba tsoho! Zauren naku ne, hoton fa? Kai da ba ka karɓar hadisi sai ka ji wanda ya ruwaito?"

Ja'irar ta kama ni.

Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Ai Mai Hoto ne, mai zuwa da keke ranar kasuwa." Shekara da shekaru yana ɗaukar mu, ba wanda ya riƙe sunansa.

Sai yau wata tsohuwa a Sabon Gari ta ce, "Mijina ne, Allah ya jiƙansa. Ilu Garba sunansa." Na rubuta a gabanta. Sau biyu tana sa ni in karanta mata.

Jama'a, tsohon hoton nan da ke gidanku, wa ya ɗauka?