Gwaggo Ƙande da Farin Furen Tudu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Yuni 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Gwaggo Ƙande, ƙanwar mahaifina, a ƙauyenmu na kusa da Waca, bayan jinyar sati uku.

Gwaggo, ke ce mai hana gidanmu shukar gaggawa. Ruwan fari ya sauka, maƙwabta su saɓi sungumi, ke kuwa ki zauna kan buhun iri ki ce a dakata. Sai da sassafe ki ja ni daji neman farin furen nan da ake kira hatsin manoma. Har yanzu ina ganinki kina hawan tudu a hankali, bakin zanenki ya jiƙe da raɓa, kina leƙa gindin kowace sabara. Kullum hancinki ne ke riga idona samunsa.

Wata shekara na yi wayo, na tsinko miki guda biyar a kwari, wai in hutar da ƙafarki. Kika yi ta dariya.

"Hidaya, na kwari ai kowane yayyafi yana ruɗinsa. Na tudu nake son gani, inda ya tsiro. Shi ba ya fitowa sai ƙasa ta ƙoshi."

Bana kina kwance ruwa ya sauka. Irin geron da ya rage mana tiya shida ne, in ya ƙone a ƙasa babu wani. Ɗanki Maina ya matsa a shuka. Safiya uku ina zagaya tudun ni kaɗai ina neman furen, in dawo ki tambaye ni da ido, in ce ban gani ba. Na so in ce miki ya fito, ko hankalinki ya kwanta. Na kasa, kuma abin yana ci mini rai.

Ranar sadakar uku aka yi ruwa mai yawa. Kwana biyu bayan nan na same shi, guda ɗaya tal, a can saman tudu. Na waiwaya in kira ki. Na daɗe a tsaye kafin na sauko na gaya wa Maina. Ya shiga ya fito da buhun.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya sanyaya makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Maina da ƙanwarka Juwairiyya da sauran dangi, Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Amin.