Mbak Lastri ta bar mana yarinya a tsakiyar kogi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina layin burodi da safen nan saƙo ya shigo wayata, wai Mbak Lastri ta rasu jiya a ƙauyensu, can tsibirin Jawa. Wallahi ban san yadda na kawo kaina gida ba.

Maƙwabciyata ce a unguwar Hayyus Sabi', nan ƙasar waje inda muke zaune, ƙofarmu na kallon juna. 'Yar Indonesiya ce, ɗalibar tafsiri. Mbak a yarensu kamar a ce Yaya ne.

Lokacin dokar hana fita ta bara, ita ta riƙa raba shinkafarta da mu. In na yi godiya sai ta ce, “Khalas, ya ukhti,” wato ya isa, 'yar'uwa, “ci kawai.”

Labaran yara take rubutawa, duk na 'yan mata 'ya'yan talakawan ƙauyensu. Ina tsokanarta, “Ke ba ki san yarinya mai takalmi ba ne?” Ta yi dariya ta ce ita ma sai da ta shiga sakandare ta samu nata.

Ba ta ƙarasa labari ita kaɗai. Sai ta kai yarinyar inda ya fi tsanani, ta tsaya, ta tambayi 'yata Hafsa, mai shekara bakwai, “In ke ce, ya za ki yi?” Abin da Hafsa ta faɗa, shi take rubutawa.

Ranar da ciwo ya sa za ta tafi gida jinya, ta zauna a kan akwatinta ta ba Hafsa labarin Sari, mai goya kwalaben maganin gargajiya tana tallarsu. Ruwa ya ci gada, Sari na tsakiyar kogi, kayan uwarta a baya, ƙanwarta a hannu.

Ta ce mata, “Ki riƙe amsar, habibti, 'yar lelena. Kar ki faɗa wa kowa sai na dawo.”

Hafsa ta riƙe. Na yi lallashi, ta ƙi.

Wasu sun kama gidan nata yanzu, amma in aka taɓa ƙofar nan sai na leƙa ko ita ce. Ɗazu na gaya wa Hafsa. Ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni ta ce, “To Mama, Sari fa? Tana cikin ruwan har yanzu.”

Ina jin tsoron tambayarta amsar.

Allah Ya jiƙan Lastri, Ya haskaka kabarinta, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ya haɗa da Hafsa.