Rigar Aikin Krijn

Krijn Duivenvoorden bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na gona ba, amma shekara arba'in da bakwai ya yi yana wa masu gonakin garin Hillegom aikin albasar fure. Shi ne mai tsoma ta a ruwan maganin fumfuna kafin shuka, shi ne kuma mai kwashe ɓawo da ruɓaɓɓu ya kai juji bayan rumbu. Ko da ya yi ritaya ya kasa zama. Kullum da safe sai ya hau keke ya je ya juya jujin nan da cebur, wai masu aikin yanzu ba su san kansa ba. Ƙarfe goma daidai yana gida, domin shi da matarsa Lenie ba su taɓa shan gahawar goma a rabe ba. Biskit ɗai-ɗai, ta rufe gwangwani.

Mutum ne mai bin doka har ya ba ka haushi. Da Lenie ta kamu da sankarar jini, magani ya rusa mata garkuwar jiki, sai asibiti suka ba shi takarda: ban da fure a gida, ban da tukunyar shuka, kada ta taɓa ƙasa. A ranar ya kwashe duk tukwanen da ke kan taga ya rabar wa maƙwabta. A unguwarsu kuwa, taga ba fure ta gidan da aka tashi ce. Lenie ta yi kuka, ta ce ya mayar mata da falo ɗakin jiran likitan haƙori. Ya ce takarda ce ta ce.

Takardar ba ta ce komai a kan rigar aiki ba. In ya dawo daga juji yakan cire takalmi a ƙofa, ya wanke hannu sau biyu, sannan ya zauna gab da ita cikin shuɗiyar rigar nan, ƙura fal a kafaɗa. Wani lokaci ma ita ce ke kakkaɓe masa.

A mako na biyar da fara maganin zazzaɓi ya rufe ta, ga tari. Hoto ya nuna fumfuna ta yi gida a huhunta. Likitarta, Dokta Oosterhuis, ta sa mata maganin da aka saba, cutar ta yi kamar ba da ita ake ba. Da likitar ta tambayi Krijn aikinsa ya faɗa mata, sai ta ajiye biro. Ta yi masa bayani a hankali, cewa maganin tsoma albasa da wanda ake ba mutane 'yan gida ɗaya ne, kuma fumfunar da ta tashi a irin wannan juji takan saba da shi har ya daina cin ta. Ta ƙara da cewa iska ma tana yawo da ita ko'ina, ba wanda zai rantse daga ina ta zo. Wannan rabin bai shiga kunnen Krijn ba.

Abu ɗaya ya riƙe shi. Duk Alhamis likitocin wannan cuta daga ƙasashe da dama sukan haɗu ta kwamfuta, kowa ya kawo majinyacin da ya gagare shi, a haɗa kai. An sa Lenie a jerin. Krijn, wanda iyakar tafiyarsa maƙwabciyar ƙasarsu Beljiyam, ya ɗora ransa kacokan a kan mutanen da bai taɓa gani ba. Ran Alhamis yakan sa kwat ɗinsa ta coci ya zauna a barandar asibiti yana jira. Lenie ta ce, "Tsoho, ba fa ganinka suke yi ba."

Makon farko wata likita daga Jamus ta ba da shawarar wani magani ta jijiya. Ya ɗan taɓa cutar, ya lalata ƙoda. Na biyu, wani daga Indiya da ke ganin irinta kullum ya ce a yanke ɓangaren huhun, masu tiyata suka ce jininta ba zai ɗauka ba. Na uku aka yi zancen sabon magani da ake gwadawa a Ingila, aka cike takardu, amsa ta dawo cewa ba a ba mai ciwon ƙoda. Sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan ba ƙarya. Suka roƙi a aika musu ƙasar jujin don amfanin wasu. Da hannunsa ya cika kwalba shida, yana yi yana jin kunyar kansa.

Alhamis ta huɗu Dokta Oosterhuis ta fito da wuri. Ya miƙe ya tambaye ta abin da suka ce.

"Mista Duivenvoorden, ban kai maganarta ba yau. Na tambaye su duka tun jiya. Ba wanda yake da sauran shawara."

Ya yi mata godiya, don haka aka koya masa. Ya daɗe tsaye a bakin ɗakin matarsa kafin ya shiga. Lenie ta juyo da kai da ƙyar, ta tambaye shi labarin mutanensa na ƙasashen waje.

"Suna nan suna dubawa," in ji shi. "Sai mako mai zuwa."

Ta ƙura masa ido.

"Shekara arba'in da uku muna tare, Krijn, har yau ba ka iya ƙarya ba. Jawo kujera ka zauna kusa."