Inna Hajo da tattabar bazara

Bana shekara arba'in ke nan da muka kai mahaifiyata, Inna Hajo, makwancinta a Lahodu. Ba ta kai hamsin ba ta rasu, yanzu na girme ta nesa ba kusa ba. Amma in kaka ta yi na ga tattaba ta yi fure a bakin gona, sai in manta da furfurata da jikokina, in koma ɗanta.

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi ba su san tattaba ba. Ciyawa ce da ke fitowa da damina a saura da gefen hanya, tsayinta bai cika wuce gwiwa ba. Karanta da ganyenta duk gashi ne, in ka shafa sai ka ji kaushi. Furenta shuɗi-shuɗi ne mai sirkin ja, kuma in ka tsaga kan guda za ka tarar ƙananan furanni ne cunkushe cikin ƙoƙo ɗaya. In ya bushe sai ya zama farin gashi, iska ta ɗauke da irin. Tana da 'yar uwa, burzu, wadda kanta ya fi girma, ganyenta kuma siriri kamar allura. Inna takan ce kama da wane ba ta wane, kada launin fure ya ruɗe ka, ganye za ka duba. Tattaba take dafa wa masu tari, ba ta taɓa yarda ta musanya ta da burzu ba.

Zamanin yaƙin Turawa aka zo ɗibar samari zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos. Daga gidanmu aka ɗauki biyu, ni da wana Mamman. Ba zan tsaya ba da labarin can ba. Sanyi ne irin wanda ba mu taɓa sani ba, ga ruwa a rami, ga abinci kaɗan. Da bazara aka sallame mu, muka iso gida muna tari kamar ƙirjinmu zai tsage. Na Mamman har da jini.

'Yar tattabar da Inna ta shanya da kaka ta riga ta rabar wa 'ya'yan maƙwabta lokacin sanyi. Ko reshe bai rage ba. Ga shi bazara ce, daji ya ƙone, dabbobi sun tattake sauran. Ta ɗaura gyauto ta fita biɗa. A kasuwar Wurno ba ta samu ba. A Rabah aka miƙo mata busasshen ƙulli, ta murza kan a tafin hannu, ta shafa karan, ta mayar, domin burzu ne. Busasshiyar ciyawa duk kamarta ɗaya a idon mutane, ita kuwa da yatsu take gani. Daga nan ta bi gulbin Rima da ƙafa har wajen danginta masunta a ƙasar Goronyo. Can, a gindin wata giyayya inda laima ba ta ƙare ba, ta tarar da 'yan tsiraru a tsaye. Ta dawo da kaushin ƙafarta a tsage yana jini.

Ta dafa da jar kanwa, ta raba a ƙoƙo biyu. Mamman ya kawar da kai.

"Inna, ba Audu duka. Nawa ciwon ya wuce magani."

"Mi kaka cewa?" in ji ta. "Ban haife ku don in zaɓi ɗaya ba. Amshi ka sha."

Ya sha don ita. Bai ga ruwan shuka ba.

Ban ce tattaba ce ta tashe ni ba, ban kuma ce ita ta kasa Mamman ba. Magani sai da sauran kwana. Abin da ban iya mantawa shi ne kakar wannan shekarar. Damina ta yi kyau, tattaba ta fito har jikin dangarmu, ko'ina shuɗi. Wata safiya na tarar da Inna tsugune a gabanta, ba ta tsinka ba, kallo kawai take yi.

"Yanzu kinka zo?" ta ce a hankali. "Ina kinka shiga sa'ad da nika biɗarki?"

Bayan haka ba ta ƙara cikakkiyar lafiya ba. Damina biyu ta ƙara, ta bi ɗanta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga ƙasar nan yau. An tare gulbi a Goronyo, fadamar da ta bi da ƙafa ta zama gonakin albasa, giyayyar nan ko kututturenta ban samu ba. Ina jin za ta yi murna da koren da ke nan har cikin rani. Za ta fi murna in ta ji irin tarin Mamman yanzu ana maganinsa a asibiti, mutum ya warke ya koma gona, ko da yake na san sai ta juya baya ta share ido. Abin da zai dame ta shi ne yaran da ke kiran kowane tsiro ciyawa, kamar ba shi da suna.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar hoto ba, kabarinta ma ya baje tun tuni. Na daɗe ina zaton da ni labarinta zai ƙare. Watan jiya a kasuwar Goronyo na tsaya gaban wata mai sayar da saiwoyi, mutuniyar Sisawa, na ga tattaba a tabarmarta, tsantsa, ba gauraye. Na tambaye ta wa ya koya mata.

"Kakata ce, Baba. Ita kuma wata mata ta Lahodu ta gwada mata tun tana amarya. Ba mu san sunanta ba, addu'a dai muka yi mata."

Na ɗauki ƙulli guda, na shafa karan da yatsu. Sannan na ce, "Sunanta Hajo."

"Hajo," ta maimaita. "Allah Shi jiƙan Hajo."

Na ce amin, na sayi ƙulli guda, ko da yake ba mai tari a gidana.