Nedim, wanda ya buɗe mini baki a fili

Da safen nan ina ɗaura takalmi zan fita tirenin, saƙon matar Nedim ya shigo wayata. Ya rasu jiya a ƙasarsu, Sulobeniya. Zuciya ce, in ji ta.

Na karanta, na sake karantawa, na zauna a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

'Yan unguwar Nasarawa kun san shi. Shi ne dogon Baturen nan da na kawo bara, wanda kuka raɗa wa Nadimu, kuka yi ta mamakin ganinsa a sahun sallah. Musulmi ne tun kakanni. Tare muka buga ƙwallo a wani kulob a Oman, ni lamba huɗu shi lamba biyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganarmu ta ƙarshe. Sati biyu da suka wuce na ce masa zan ajiye aikin koci, in sallami 'yan wasana in koma gonar shinkafa a Ambursa. Yayana Alhaji Bello ya daɗe yana neman in koma, kuma jiya ne ya kamata in kai masa amsa. Ban je ba.

Kafin Oman, Nedim ya buga a ƙasarsu, ya buga a Ostiriya, Saifurus, Iran, Tailan, da wasu da na manta. Bai taɓa zama tauraro ba, kuma bai ɓoye hakan. Ina tsokanarsa cewa ko Bafulatanin daji bai kai shi tashi ba. Sai ya yi dariya ya ce ai shi shanunsa ƙafafunsa ne.

Duk kulob ɗin da ya sauka, ranar farko yake neman wani ɗan ƙasar ya koya masa abin da ɗan baya ke faɗa a fili. Dama, hagu, bayanka, bar mini, ku fita. Bai tambayar gaisuwa, bai tambayar sunan abinci, sai ya riƙe waɗannan tukuna. Shi ya sa duk inda ya je, wasa ɗaya ake yi ya zama shi ke jagorantar 'yan baya.

Ni kuwa na je Oman bakina a ɗinke.

Wata rana kyaftin ɗinmu, wanda ya kusa haihuwata, yana riƙe da ƙwallo, na ga mutum ya taho ta bayansa. Da idona na gani. Amma ni ɗan Birnin Kebbi ne, an rene ni ba a daka wa babba tsawa, ba a kiran sunansa gatsal. Kafin in gama neman yadda zan faɗa da ladabi, an ƙwace an ci mu.

Koci ya ce in haɗa kayana. Nedim ne ya je ya roƙa a ba ni wata guda. Kullum bayan tirenin sai ya tsaya a ƙarshen fili, ni a ɗaya ƙarshen, ya ce in kira sunansa har sai ya ji. Ina kira yana girgiza kai wai bai ji ba, alhali har mai ban ruwan ciyawa ya ji. Na yi fushi da shi ba sau ɗaya ba. Shekara uku na ƙara a kulob ɗin.

Da azumi shi ke ajiye mini dabino a aljihun jakata, bai taɓa cewa shi ne ba.

Da ya zo bara na kai shi Argungu ya ci kifi har ya kasa tashi. Washegari ya zo kallon tirenin ɗinmu. Bai yi minti goma ba ya dube ni ya ce, "Abubakar, waɗannan duk kai ne."

Gaskiya ya faɗa. Kyaftin ɗina Bashar magidanci ne mai kabu-kabu, kuma wanda ke bayansa, Murtala, ɗan yayarsa ne. An taho wa Bashar, sai muka ji Murtala a hankali: "Kawu, don Allah in ba damuwa, ga wani nan tahe."

Ƙwallo ta riga ta shiga raga.

Nedim ya tsayar da wasa. Ya sa Murtala ya durƙusa ya gaida kawunsa sosai a bakin layi. Sannan ya ce in fassara: "Ka biya shi girmansa. Daga layin nan zuwa ciki, in ka yi shiru ka ci amanarsa."

Murtala ya ce, "Koci, in inna taj jiya na kira sunanai, ina za ni kwana?"

Bashar da kansa ya ce, "Kira ni dai. Ni ka hwaɗa mata ni nas sa ka."

Kwana huɗu Nedim ya yi yana wannan aiki da su, cikin rana, fuskarsa ta yi ja kamar tattasai. Da na raka shi filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Ni na yi yawo ne don ba wanda ya riƙe ni. Kai kana da wurin da ake jiranka kowace safiya. Kada ka tashi."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Da na ce masa a waya zan bari, bai yi mini faɗa ba. Ya ce in yi tunani, zai kira ni. Na ji haushin shirun nan nasa, yanzu kuma kewarsa nake ji.

Ɗazu na hau mashin na tafi Ambursa. Na sami Yaya a bakin fadama yana duba injin ban ruwa. Na faɗa masa rasuwar, na ce masa ba zan bar 'yan wasana ba. Gona zan zo duk ranar da babu tirenin, amma fili ba zan rufe shi ba.

Ya ce, "Ƙwallon ga mi tab ba ka, Abu?"

Na ce ta ba ni mutumin da ya tsaya mini ranar da ba ni da kowa, Yaya.

Ya dubi ruwa. Sannan ya ce, "To Allah shi jiƙanai. Tahi."

Ba zan sami jana'izarsa ba, ƙila har in mutu ban ga kabarinsa ba. Abin da zan iya shi ne gobe ƙarfe bakwai ina fili. Bashar, Murtala, ku faɗa wa sauran, babu hutu.

Allah Ka gafarta wa Nedim. Ya yi baƙunta a ƙasashe da yawa, Ka sa wannan masaukin ya fi su duka. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri.

Wanda duk ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a, ya ambaci sunansa.