Amsa Sunan Baba a Miting

A shekarar da sojoji suka koma bariki ina ajin ƙarshe a jami'a, ina fama da wani kwas a kan yadda ƙasashe suka fara ɗaukar nauyin talakawansu. Malaminmu cike yake da ɗoki. Ya ce yanzu da farar hula suka dawo, irin wannan karatun ne zai yi amfani. Ni dai rubutu nake yi. Wasu masana sun ce masana'antu ne suka raba mutane da ƙauye, dole gwamnati ta maye gurbin dangi. Wasu sun ce a'a, ƙungiyoyin ƙwadago ne suka matsa. Wasu kuma suka ce ma'aikatan hukuma ne suka tsara abin tun daga sama. Na haddace Jamus, na haddace Sweden, har ina iya jero su ina cin tuwo.

Babana ya yi shekaru a masaƙa a Kakuri kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Muna zaune a unguwar Television, ɗaki biyu da baranda. Abin da ya fi damunsa bai wuce miting ba, wato taron mutanen ƙauyenmu da ke zaune a Kaduna, Lahadin farko na kowane wata bayan sujada a coci. Ana kiran sunan kowane magidanci ya amsa. Wanda ba shi da lafiya, babban ɗansa ya amsa masa. In aka kira suna wata uku a jere ba a amsa ba, an cire shi ke nan. A ƙauyenmu kuwa ba a haƙa wa mutumin birni kabari sai miting ta rako gawarsa. Baba yana so ya kwanta kusa da mahaifinsa, ya sha faɗa mana tun yana da baki sosai.

Ni ne babban ɗa. Nakan zo gida ƙarshen mako, Mama ta miƙo mini hular Baba, in fita. Wata biyu na farko na je. Sa'a huɗu a kan benci, tsofaffi na gardama a kan wanda zai gyara rumfa, ni kuma takarduna na cikin jaka. A wata na uku sai ƙafata ta kai ni Kamazou, gidan wani ɗan ajinmu, muka yi karatu har la'asar. Ba abin da ya faru. Sai na maimaita. Wani dattijo ya tare ni a bakin coci ya ce ba a gan ni ba, na ce ina nan zuwa, na kuwa ɗauka da gaske nake yi.

In na dawo, Baba yakan juyo da kai da ƙyar.

"Ka amsa?"

"Na amsa, Baba."

Sai ya rufe ido. Ban ji kunya ba a lokacin, gaskiya ban ji komai ba, lissafin jarrabawa kawai nake yi.

Ya rasu da damina, mako guda bayan na rubuta jarrabawar kwas ɗin. Washegari shugaban miting ya zo da dattawa biyu. Suka yi gaisuwa, suka yi addu'a, suka sha ruwa. Mama ta tambayi ranar da za a tashi da gawar zuwa ƙauye. Shugaban bai dube ta ba, ni ya duba. Ya ce sun san Baba na kwance, shi ya sa suka yi ta jiran ɗansa, har suka ƙara wata guda a kan ƙa'ida saboda girmansa, kafin suka cire sunan. Ya ce dokar nan Baba ne da bakinsa ya kawo ta, lokacin da mutane suka fara watsar da taro, kuma an yi wa wasu gidaje ita yana zaune.

Mama ta juyo ta ce, "Ina kake kai hular?"

Ba ta sake tambaya ba har yau.

An binne shi a maƙabartar da ke hanyar Gonin Gora, tsakanin mutanen da bai sani ba. 'Yan miting sun zo kusan dukansu, a matsayin maƙwabta. Su suka riƙe akwatin ma. Na tsaya ina kallon jar ƙasa tana manne wa takalmana, ina jira kuka ya zo, bai zo ba.

Sakamako ya fito, na fi kowa ci a kwas ɗin. Malamin ya ce na fahimci abin da ke faruwa idan mutum ya bar ƙauye ba wanda ya tare shi. Na yi masa godiya.

Lahadin farko na watan da ya biyo na sa hular, na isa kafin a jera benci. Sakatare ya miƙe ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya. Na san gurbin na Baba, bayan na wani tsohon direba yake. Direban ya amsa, na buɗe baki, sakatare ya kira na gaba.