Inda Igiyar Uwale Take Tsayawa

Uwale taubashiyata ce, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kanta, ita ma ba raga mini take ba. Tun muna ƴan mata take ce mini Haula mai bakin reza, ni kuwa ina ce mata kan dutse. Yanzu duk mun tsufa, haƙora sun fara sallama, amma sana'armu ɗaya, wurin aikinmu ɗaya: rijiyar da ke bakin unguwarmu, can arewacin Dakoro.

Wanda bai san rijiyoyin ƙasarmu ba, bari in gaya masa. Zurfi gare su na ban tsoro, hannu ba ya ja. Sa ake ɗaura wa igiya, ya yi ta tafiya yana nisa da rijiya har wasaki, wato babban gugan fata, ya iso baki. Ni ke tsayawa bakin rijiya in karɓi wasaki in juye a kwamin shayar da dabbobi da bidunan mata, wato jarkokinsu. Uwale ke kora sa. Sunansa Kumandan, don ba ya motsi sai ya ga dama. Tafiyar yau da gobe ta fitar da wata ƴar hanya miƙaƙƙiya cikin rairayi, daga rijiya ta nufi arewa. Ita muke kira hanyar igiya. In babu ita, rijiyar nan rami ce kawai.

Mijinta Zakiru, Allah ya jiƙansa, shi ya bar mata san da hanyar. Ya bar mata da ɗa guda, Yazidu. Ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar ɗan fari. To ta Uwale ta wuce ta kowa. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta taka inda yake zaune. Ko tuwo za ta ba shi, sai ta ajiye ta ce da bango, "Ga abinci nan, in akwai mai ci." Da ya zama saurayi ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa bin wutsiyar sa ba, ya hau mota ya yi Aljeriya. Shekaru suka yi ta wucewa. Yana aiko da gaisuwa ta waya, ni nake karɓa, ita tana gefe tana tsintar wake kamar ba ta ji.

Amma ni ba a rufe mini ido. Duk sanda Kumandan ya kai ƙarshen igiya, sai in yi ta ihu, "Ya iso! Juyo!" Uwale na can tsaye, fuska arewa. In na yi magana ta ce sa ne ke hutawa. Sa ne ke hutawa, wai!

Ana nan sai wani Alhaji daga Maraɗi ya sayi gonakin da ke bayan rijiya. Masu awo suka zo suka kafa turakun siminti, aka ce lotisma za a yi, gidaje jere-jere. Rijiya dai sun bar ta, har da ɗan fili kewaye. Sai dai hanyar igiya, titin motocinsu ya ratsa ta tsakiya, ƙarshenta kuma ya faɗa cikin wani fili da aka yanka.

Unguwa ta ɗauki zafi. Aka taru ƙofar mai unguwa Zakari. Wannan ya ce famfon gari ma sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, ina za a sami ruwan kwaɓa siminti da na baƙi? Wancan ya ce manyan motocin yashi sun riga sun take masa zabi, gobe kuma yaro ne. Uwale, wadda ban taɓa jin ta yi magana a taro ba, ta miƙe da sandar korar sa a hannu.

"Mai unguwa, ni ban iya dogon zance ba. Kumandan ba ya tashi sama. In aka toshe masa hanya, kowa ya sha siminti."

Aka yi ta tafi. Daga ranar ta zama shugabar masu ƙi, ba wanda ya naɗa ta.

Yaƙinta kuwa ba ihu ba zagi. Jan ruwa kawai take yi. Da ta hango motar yashi ta taso, sai ta kora Kumandan, igiya ta miƙe ta gitta titi daidai ƙirjin mota. Direba ya taka birki, ya yi ta danna oda. Shi kuwa Kumandan, in ya ji oda, nan yake tsayawa ya fara tuƙa. Wani direba ya leƙo ya ce, "Haba Inna, ki ji tsoron Allah!" Ta ce, "Ɗana, da shi za ka yi magana, ni ma ƙarƙashinsa nake." Wallahi ranar har na kusa sakin wasaki don dariya.

Da Alhajin ya gaji, ya aiko aka sasanta. Ya karkatar da titin ta gabas, ya ce magina za su riƙa kawo ruwansu da tanki. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, zafin ya fara hucewa. Mai zabin nan ya koma buga bulo. Suwaiba, wadda ta fi kowa rantsuwa a taro, ta kafa tukunyar shinkafa da wake tana sayar wa leburori. Ni kaina na kai musu fura, ba zan ɓoye ba, kuma sun yaba.

Saura fili ɗaya, wanda ƙarshen igiya ke shiga. Aka ce an riga an sayar wa wani, ba a san ko wane ne ba, ta waya ya saya. In ya ja katanga, rijiya ta mutu, Uwale da Kumandan sun zauna. Kullum da safe sai ta tumɓuke turken filin ta jefar, masu awo su mayar. Ta yi wa mai filin addu'o'i iri-iri: Allah ya sa gara ta ci masa azara, Allah ya haɗa shi da maƙwabci mai jaki. Na ce, "Uwale, ki rage, ba ki san ɗan wa ba ne." Ta ce ko ɗan wa ne.

Ranar wata Laraba da hantsi, baburan kabu-kabu biyu suka tsaya a filin. Wani mutum mai gemu ya sauka, da mace da goyo. Uwale ta gyara ɗaurin zane, ta ɗau sanda, ta nufe su, Kumandan na biye da ita. Na saki aiki na bi ta, don kada a yi abin kunya babu ni.

Ta buɗe baki ke nan, mutumin ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana."

Yazidu ne. Wai ya ce wa abokinsa ya samo masa fili mafi kusa da rijiyar uwarsa, aka kuwa samo masa mafi kusa.

Ta sauke sandar. Tausayinta ya kama ni, don na san abin da take so ta yi, na kuma san ba za ta yi ba. Ta juya masa baya, ta kama ƙahon sa.

"Kumandan," ta ce, "gaya wa mutumin nan ba a gini a nan."

"Inna, in ban gina nan ba, ba ni da wani wuri. Sai dai in koma."

Ta shafa wuyan san. Sannan ta ce, "Kumandan, gaya masa ba a komawa kuma."

Na ce, "To fa! Ba a gini, ba a komawa, a sama zai kwana?"

Yazidu ya miƙe. Ya tuɓe takalma, ya karɓi sandar daga hannunta, ya kora Kumandan zuwa rijiya. Mutumin da ya rantse ba zai bi wutsiyar sa ba! Na zura wasaki ya cika, ya kora san, igiya na miƙewa, har na yi ihu, "Ya iso!" Kumandan ya tsaya a tsakiyar filin cif. Yazidu ya zana da'ira da sanda kewaye da shi, ya ce wa matarsa Nuriyya, "Nan ne tsakar gida."

Haka aka gina shi. Ku zo ku gani, gida ne da ƙofa mai faɗin ƙahon sa, tana kallon rijiya, babu ƙyaure. Ɗakuna na gefe da gefe. Kowane wasaki sai Kumandan ya shiga har tsakar gida ya juyo. Nuriyya ta yi mita da fari, don ya taɓa cinye mata tsakin da ta shanya, yanzu kuwa ita ke ajiye masa dusa.

Uwale har yau ba ta taɓa zuwa gidan ɗanta ba. Tambaye ta ka ji, za ta ce Allah ya kiyaye, ita da kunyarta. Sa take bi, inda ya shiga dole ta shiga. In ta tarar da kwanon fura a kan turmi, ai ba a bar abinci ya lalace. In jikanta ya rarrafo ya kama mata zane, ai ba a ture yaro.

Da bazara, ruwa kan yi ƙasa, igiya ta ƙara tsawo, Kumandan ya wuce tsakar gida ya kai har bakin rumfar da Yazidu ke shan shayi. Duk Dakoro kuka ake da zafi da ƙishi, Uwale kaɗai ke fitowa da fara'a.

Ni ce dai ke shan wahala. Ina bakin rijiya, wasaki cike a hannu, bayana kamar zai karye, ina ihu, "Ya iso! Juyo!" Daga can cikin gida sai in ji muryarta: "Ki yi haƙuri, Haula, sa ne ke hutawa." Yanzu na daina yi mata gardama. Nakan jingina wasakin a baki, in bar shi ya huta.